Jirgin tururi mai taya a baya: sati na tara, taya ta fara tura ruwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar ƙera ƙananan samfuran jirage, da fatan kowa yana lafiya. Kwana biyu ban kawo rahoto ba, aikin tayar baya ne ya riƙe ni kusan sati uku, amma alhamdulillah jiya da la'asar jirgin ya tafi da kansa a kan ruwa, shi ne na ce bari in zauna in rubuta tun abin yana sabo a kaina.

Ga waɗanda ba su ga na baya ba, ina gina ƙaramin samfurin irin jiragen tururin nan ne da suka yi aiki a kogin Kwara da Binuwai tun zamanin kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger Company, masu babbar taya guda ɗaya a baya. Daga Lakwaja suke hawa har Yola da Garwa idan ruwa ya cika da damina, in rani ya shigo kuma yashi ya hana su. Shi ya sa cikinsu a baje yake kamar faranti, ba sa nutsewa sosai. Ba wani jirgi guda na kwaikwaya ba, tsoffin hotuna na tara na fitar da zanena. Ma'auni 1:50 ne, wato jirgi mai tsawon mita 45 ya dawo santimita 90, faɗi 18, kuma santimita 2.5 kacal nake so ya shiga ruwa. In ka lissafa ruwan da zai ture, ka rage wani abu saboda gangar ba akwati ba ce, za ka ga duka nauyin da ya kamata jirgin ya yi, har da batir da moto da benen sama, bai wuce kilo 3.2 ba. Ku riƙe wannan lambar don ita ce ke mulkin komai.

Gangar jikin filawud ne mai milimita 3, na shafe ciki da waje da gam ɗin Araldite sau biyu, na bi da sanfefa, na sa fenti. Ya kwana a baho, ko ɗigo bai shiga ba. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Taya ce ta wahalar da ni. Faɗinta santimita 11, filafilai 12, na yanka su daga sandunan ayis kirim, zobban gefe kuma daga murfin bokitin fenti. Kuskuren farko, na manna filafilan da ido ba tare da na yi ma'auni ba, tana juyawa sai ka ga tana rawa kamar tayar keken da ta lanƙwashe, dole na ɓalle su duka na zana da'ira a kwali na raba ta gida 12, kowane digiri 30, na kafa ƙananan ƙusoshi su riƙe kowane filafili har gam ya bushe. Don Allah kar wanda ya tsallake wannan matakin, awa ɗaya ce za ta cece ka daga aikin kwana uku.

Sai maganar gudu. Da farko moton wata tsohuwar motar wasan yara na haɗa kai tsaye da shaf, ina taɓa rimot ruwa ya yi sama ya jiƙa min riga da bango, jirgin kuma yana nan inda yake, taya ta haƙa rami a ruwan kawai tana kaɗa kumfa. A nan na gane tayar jirgi ba farfela ba ce, ita tura ruwa take yi a hankali kamar mai tuƙa kwalekwale. Na ainihin ma ba su cika wuce juyi 20 da ɗoriya a minti ba. Kuma akwai lissafin da ya kamata mu sani, gudun samfuri ba a raba shi da 50, da tushen 50 ake rabawa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 50, wajen 7 ke nan, to jirgin da ke yin kilomita 14 a awa samfurinsa kilomita 2 ya kamata ya yi, ko tafiyar ƙafa bai kai ba. Na shiga kasuwar Sabon Gari na samo moto mai giya mai ƙarfin wuta bolt 12, na haɗa shi da bel na tsohuwar firinta, yanzu tayar tana yin wajen juyi 120 a minti in na buɗe wuta duka, a rabin haka ma ya fi kyan gani.

Zurfin tayar ma sai da na gyara sau uku. In ta nutse da yawa filafilin yana mari ruwa wajen shiga yana kuma ɗago shi wajen fita, moto ya yi ta zafi a banza, in ta yi sama kuma sai ta riƙa shafar ruwan kawai. Inda ta zauna min daidai shi ne filafilin ƙasa ya nutse duka, ruwa ya ɗan rufe bakinsa da kamar milimita 2. Shawarata ku yi wa mazaunin boris ɗin dogon rami yadda za ku iya ɗagawa ku sauke, kar ku manne shi sai jirgi ya gama ɗaukar kayansa duka, saboda batir kaɗai da na matsar da shi baya santimita 4 ya canza komai.

Jiya a tankin ban ruwa na gonar wani abokina muka gwada. Wallahi lokacin da ya bar bakin tankin, tayar tana fat fat fat a hankali, ƙananan igiyoyin ruwa suna bin bayansa a jere, na daɗe ban ji daɗi irin haka ba. Yaran unguwar suka taru shiru suna kallo.

Matsalar da ta rage ita ce juyawa. Allunan juya jirgin, radda ke nan, a gaban taya suke kamar na ainihi, don haka in yana tafiya gaba ruwan da taya ta tura ba ya bi ta kansu, sai ya yi kwana mai faɗi sosai, in kuwa ribas ne nan take yake juyawa. Guda biyu na sa, ina tunanin in ƙara na uku ko in ƙara musu tsawo ta ƙarƙashin jirgi. Kuma iska kaɗan ta tura shi gefe alhali ko benen sama ban ɗora ba tukuna. Yanzu nauyinsa kilo 2.4, saura gram 800 ke nan na bene biyu da ɗakin matuƙi da bututun hayaƙi, don haka da kwali mai ƙarfi da itacen balsa mara nauyi zan yi su in na samu. Wanda ya taɓa sa radda a bayan taya a cikinku ya faɗa min yadda ya ratsa da sandar sarbo, wato ɗan moton da ke juya radda, ba tare da ta taɓa filafilai ba, ranar Asabar nake so in yanka raddar.