Ranar hazo a kan rufi

Laraba, da dare.

Yau gari ya waye da hazo, wani farin lulluɓi kawai a sama. In ka ɗaga kai sai ka runtse ido, amma na'urar ƙirga sa'o'in rana da ke kan rufi ta ce sam. Har hantsi ya ɗaga ba ta rubuta ko minti ɗaya ba.

Ita ba ruwanta da ko gari ya yi haske. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya take bi: sai hasken da ke zuwa kai tsaye daga ƙwayar rana ya kai wat 120 a kowace murabba'in mita kafin a ce akwai rana. Na duba inuwata a ƙasa, dishi-dishi take, ba a gane gefenta. Na'ura ta fi ni gaskiya.

Firanomita kuwa, wato na'urar auna ƙarfin hasken rana mai murfin gilashi kamar rabin ƙwai, labarinta daban. Duk hasken da ya sauko take tattarawa, har wanda hazo ya watsa. A cikinta akwai baƙin faifai da ke ɗaukar zafi, zafin ya koma 'yar ƙaramar wutar lantarki da ake aunawa. Da tsakar rana ta nuna wajen rabin abin da ake samu in sama ta yi tas, wanda kan kai kimanin wat 1000. Mai farantin sola wannan adadin ne ya shafe shi. Ranar da aka rubuta mata sa'o'in rana kaɗan ma tana iya cajin batir. Mutane na yawan haɗa ma'aunan biyu, abin yana ba ni haushi.

Na hau na goge gilashin da tsumma mai laushi, na duba kumfar saiti mai nuna ko na'urar ta karkata, tana tsakiya. Ƙura kaɗan ko 'yar karkata sun isa su ɓata lissafi.

Ina gogewa na tuna da na'urar ƙirga sa'o'in rana da John Francis Campbell ya ƙirƙira a 1853, George Stokes ya gyara a 1879: dunƙulen gilashi mai tattara haske ya ƙona kati, a auna tsawon ƙunar. Kyakkyawa ce, amma in rana na fitowa tana ɓuya, ƙunar kan bazu ta haɗe, sai lissafi ya zarce. Mutum biyu ma kan karanta kati ɗaya su saɓa.

Da la'asar hazon ya yaye, na'urar sa'o'in rana da ke kan rufi ta fara ƙirga, sai dai rana ta riga ta yi ƙasa, firanomita ba ta wani motsa ba.