Taskar kalmomin sirri da manhajar rubutu a kwamfuta: inda na tsaya

Idan masu kutse suka fasa wani shafi suka kwashi adireshin imel da kalmomin sirrin jama'a, ba a nan suke tsayawa ba. Sukan ɗora jerin a kan na'ura ta riƙa gwadawa a bankuna da akwatunan imel da kafofin sada zumunta, domin sun san yawancinmu kalma ɗaya muke maimaitawa ko'ina. Kutsen da aka yi wa LinkedIn a 2012, wanda sai a 2016 aka gane ya shafi asusu fiye da miliyan 100, ya daɗe yana buɗe ƙofofin da ba su da alaƙa da LinkedIn. Duk mai shakka yana iya sa adireshinsa a shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, ya ga sau nawa sunansa ya fito a irin waɗannan jerin.

Saboda haka ban ɗauki taskar kalmomin sirri a matsayin kayan ƙawa ba. Manhaja ce da ke ƙirƙira wa kowane shafi doguwar kalma tasa daban, ta kulle su duka da tsarin ɓoye bayanai irin AES-256, mai ita kuma ya haddace babbar kalma guda ɗaya tak. Akwai wani amfaninta da ba a cika ambata ba: tana duba adireshin shafi kafin ta cika gurbi. Idan aka turo maka shafin jabu mai tambarin bankinka da launinsa, amma an sauya harafi ɗaya a adireshin, idonka zai iya ruɗuwa, ita kuwa za ta bar gurbin wayam, kuma wannan ƙin cikawar shi ne gargaɗin.

Masu tsoron tara komai wuri ɗaya suna da hujja, kuma abin da ya sami LastPass, kamfanin da ke ajiye wa mutane irin wannan taska, a 2022 ya ƙarfafa ta. Kamfanin ya amsa cewa ɓarayi sun kwafi taskokin abokan hulɗarsa. Kalmomin sirrin suna kulle, amma adireshin shafukan da mutane ke shiga ba a kulle suke ba. Daga ranar, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da asirin mutum shi ne ƙarfin babbar kalmarsa, domin wanda ya riga ya mallaki kwafin taska yana da lokacin yin ta gwaji ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. A ganina, jerin kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna ya fi gajeriyar kalma da aka cusa wa alamomi, kuma hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta karkata ga tsawo tun a ƙa'idojinta na 2017, har ta daina goyon bayan tilasta wa mutane sauya kalma lokaci-lokaci ba tare da dalili ba.

Ni KeePassXC nake amfani da ita, wadda ta samo asali daga KeePass ɗin da Dominik Reichl ya fitar a 2003. Taskata fayil ne guda a kwamfutata, babu kamfanin da ke riƙe da shi. Sai dai ba na gaggawar ba kowa wannan shawara, domin wanda ya riƙe fayil da kansa shi ne zai yi masa kwafin ajiya, idan kuwa faifan kwamfuta ya lalace babu ofishin da zai kai kuka. Wanda ya san ba zai jure wannan ɗawainiya ba, Bitwarden ta fi masa; lambobin ginin manhajar a buɗe suke ga mai son dubawa, kuma tana daidaita waya da kwamfuta da kanta.

Wannan son riƙe abu a hannuna shi ne ya sa har yanzu na fi son yin rubutun bulog a manhajar kwamfuta maimakon cikin burauza. Windows Live Writer, wadda Microsoft ya fitar a 2006, ta nuna yadda abin ya kamata ya kasance: ka yi rubutu ko babu intanet, ka jera hotuna, ka ga yadda shafin zai fito, daftarin yana faifanka har ranar da ka ga dama ka tura. Kamfanin ya daina sabunta ta bayan 2012, masu sa-kai suka ci gaba da ita da sunan Open Live Writer a Disambar 2015, masu Mac kuma suna da MarsEdit. Raunin irin waɗannan manhajoji shi ne sun dogara da ƙofar da wani ke iko da ita. A 2015 Google ya sauya hanyar shiga asusu, masu amfani da Blogger, dandalin bulog na Google, suka wayi gari Live Writer ta kasa tura rubutunsu, sannan tsarin jera rubutu tubali-tubali da manhajar gina shafuka ta WordPress ta shigo da shi a 2018 abu ne da tsofaffin manhajojin ba a gina su dominsa ba.

Inda batutuwan biyu suka haɗu shi ne abin da ya fi damuna. Tsohuwar hanyar tura rubutu, XML-RPC, tana aika sunan mai shafi da kalmar sirrinsa a kowace buƙata, don haka dole manhajar ta ajiye kalmar a wajenta, kuma masu kutse sun daɗe suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa, har wasu masu ba da masaukin shafuka suka rufe ta. Ba na yarda in ba manhajar rubutu kalmar da nake shiga shafina da ita. Tun daga WordPress 5.6 na Disambar 2020, ana iya yanka wa kowace manhaja kalmarta ta musamman mai haruffa 24, wadda ake nunawa sau ɗaya, kuma ba ta aiki a gurbin shiga na yau da kullum. Nakan kwafe ta cikin manhajar, in rubuta a taska wace kwamfuta ce ke riƙe da ita, ta yadda idan kwamfutar ta ɓace zan soke wannan kalmar kaɗai, sauran na'urorin su ci gaba da aikinsu.