Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Tulun da Iya Ta Binne

Satin da ya wuce na tsaya a ranar da Baba ya dawo daga tasha da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya zauna a zaure bai ce wa kowa uffan ba. Yau zan faɗi abin da ya zaunar da shi.

Watan Afrilu ne na 1984. Shekarata 11, ina aji biyar a lakwal a garinmu Maraɗi. Baba ƙaramin ɗan kasuwa ne, irin masu raɓawa a motocin Alhazai: ya kai wake Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ya dawo da sabulu da atamfa da kananzir. Tsakaninmu da Katsina ko kilomita 100 babu, naira kuwa tana yawo a kasuwar Maraɗi kamar sefa, saboda haka jarinsa duka a naira yake. Kwatsam gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ta sauya launin takardun kuɗi, ta ba da ƴan kwanaki a kai tsofaffin banki. Wanda ke wannan gefen iyaka ta ina zai kai? Kuɗin Baba suka koma takardun banza a cikin jakar fata. Na daɗe ina ganin su a ƙasan akwatinsa, ya kasa zubarwa.

Ana wata ga wata, damina ta zo ta yaudare mu. An yi shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke. Gonarmu ta hanyar Tsibiri da kan ba mu dami sama da arba'in, a shekarar ko biyar ba mu ɗaure ba. Mutanen Nijar sukan raɗa wa kowace yunwa suna, wannan aka ce mata El Buhari. Ba shi ya hana ruwan sama ba, kowa ya sani. Amma a da in hatsi ya ƙi a nan, ta kudu yake shigowa, maza kuma su tsallaka cin rani su aiko da abin sawa a baki. A wannan karon sama ta rufe, hanya ta rufe.

Bayan kaka Baba ya bi ta daji ya shiga Kano neman aiki. Ya bar mata biyu da yara biyar, da buhu guda da rabi.

Sai na yi bayanin matan nan kafin in ci gaba. Inna ita ta haife ni, ni ce ɗiyar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Iya ita ce uwargida, ƴar wani ƙauye ce a yankin Dakoro. Ta haihu sau uku, babu wanda ya kai yaye. Ba zan yi muku ƙarya in ce suna zaman lafiya ba. Ba sa faɗa a fili, amma kowa da murhunta, kowa da tulun ruwanta, gaisuwar safe ma a taƙaice. Ranar da Baba ya tafi, da magariba, Iya ta ɗauko tukunyarta ta dire a gaban murhun Inna ta ce, "Amarya, itace biyu ba namu ba ne bana." Daga ranar wuta ɗaya ake hurawa a gidanmu.

Buhu da rabi bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Inna ta fara sauke kwanonin jerenta, waɗanda aka kawo ta da su ranar aure, tana ba dillaliya ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san ɗakin Bahaushiya ba ba zai gane nauyin wannan ba. Jeren nan shi ne mutuncinta, shi ne asusunta, shi take tanadi don auren ɗiyarta. Ina kallon bangon ɗakin yana yin fili sati bayan sati, inda kowane kwano ya zauna ya bar zagayen tabo. Da kuɗin take sayen gyaɗa tiya biyu ko uku, su soya, su daka, su matse mai, su murza ƙuli-ƙuli. In na taso daga lakwal in ɗora tire a ka in nufi tasha da bakin babbar kasuwa, musamman Litinin da Juma'a. Ribar ba ta wuce ta sayen tiyar gero guda, wata rana ma ba ta kaiwa.

Iya kuwa surfe take zuwa yi a gidajen masu hali. Matar da a da ba ta leƙa ko zaure, ga ta da asuba da lulluɓi tana bin lungu. Ladanta ɗan tsaki ne da dusa, sai ƙasarin da ake zuba wa awaki, shi ma takan roƙa ta zo da shi a ƙwarya a dama mana. Ita ta koya mana cin anza, ƴaƴan wani itacen daji. Ƴaƴan nan ɗacinsu ya fi maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa, kuma ko an dafa ɗacin ba ya fita duka. Tafasa, yaɗiya, zogale, duk ganyen da zai yi kwaɗo mun ci shi. Da aka fara rabon jar dawa ta taimako, su biyun suke kama layi tun kafin kiran assalatu, ɗaya ta tsaya ɗaya ta koma ta duba yara.

A bayan gari kuma ga Buzaye da Fulani sun gangaro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, sun kafa bukkoki na buhu da kara. Akwai wata Buzuwa mai goyo da take zuwa ƙofarmu. Ba ta roƙo, tsayawa kawai take. Ba ta jin Hausa sosai, Inna ba ta jin nata yaren, amma kullum sai Inna ta rage ludayi biyu na kunu ta ce in miƙa mata. Na taɓa yin ƙorafi cewa mu ma ba mu ƙoshi ba. Kallon da Inna ta yi mini ya ishe ni har yau.

Abin da nake son kaiwa gare shi ya faru ne cikin bazara, wajen watan Afrilu na 1985. Ƙyanda ta shigo unguwa ta kama autanmu, yana da shekara biyu. Ya tashi daga ciwon, amma ya rame har wuyansa ba ya riƙe kansa, kunun dusa kuma in an ba shi sai ya dawo. Ina shara a ɗakin Iya na janye tabarma, na ga ƙasar wurin ba ta yi daidai da sauran daɓen ba. Yarinta ta sa na tona. Bakin tulu ne, an rufe da faifai an shafe da laka. Na ɓantare gefe, na zura hannu, na ji toka, ƙarƙashinta gero. Gero tsantsa, manyan ƙwayoyi, wanda rabon da in ga irinsa tun kaka.

Da gudu na je na faɗa wa Inna.

Ban taɓa jin muryar Inna ta tashi haka ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da yaron a kafaɗa ta ce, "Yaya, hatsi a ɗakinki, ɗana yana mutuwa?" Iya ta ce, "Iri ne." Inna ta ce, "Wa zai ci amfanin irin in yaran sun ƙare?" Sannan ta faɗi maganar da ta yi nadamarta har ƙarshen ranta: "Da kin san zafin ɗa da ba ki yi haka ba."

Gidan ya yi tsit. Iya ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta yi magana a hankali ta yi. Ta ce uku ta binne, ta san zafin. Ta ce a farin 1973 tana ganin gida a ƙauyensu, ta ga abin da ya biyo baya da idonta: ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, magidanta suna tsaye a bakin gona hannu biyu babu abin zubawa a rami, don an cinye iri tun rani. Masu shi suka ba da bashi, dami ɗaya a biya biyu ko uku, wasu gonar ma ta tafi. Ta ce wannan geron daga gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta, ta zaɓe shi zangarniya zangarniya, daga ƴan tsirarun da suka jure farin. "In muka ci shi, kwana huɗu ne. In muka shuka shi, shekara ce."

Na yi shekaru ina juya wannan rana a raina, kuma hukuncin da na yanke shi ne dukansu biyu suna da gaskiya. Uwa ba za ta ga ɗanta a haka ta yi lissafin damina ba. Amma gidan yana buƙatar wani ya yi lissafin, aka yi sa'a akwai mai ƙarfin zuciyar yin sa, ta kuma ɗauki baƙin jinin.

Iya ba ta buɗe tulun ba. Washegari ta kwance ƴar akuyarta, wadda ita kaɗai ta rage mata a duniya, ta cire ƴan kunnen azurfa da ta gada wurin mahaifiyarta, ta ba wani yaron maƙwabta ya kai kasuwa. Dabba ba ta da daraja a lokacin, kuɗin da aka kawo abin kuka ne. Ta sayi gero mai kyau da madarar gari da ɗan sukari, ta ce wannan na auta ne shi kaɗai, duk wanda ya taɓa ita da shi. Ita take dama masa, ita take ba shi da ƙaramin ludayi, a cinyarta yake barci. Kwana uku ba su yi wa juna magana ba. A na huɗu na ga Inna ta durƙusa a ƙofar ɗakin Iya da sassafe, ta daɗe a wurin. Ban ji abin da suka ce ba. Autan nan yanzu yana da ƴaƴa shida, ɗiyarsa ta fari sunan Iya take ɗauke da shi.

In ana tarihin garin nan, Alhazai ake ambata da fataucin gyaɗa da manyan motoci, kuma sun cancanta. Amma a unguwarmu, a shekarar nan, gidajen da suka tsaya mata ne suka riƙe su, da turmi da taɓarya da adashin dala-dala. Shi ya sa da ƙungiyar CARE ta fara tsarin adashi da ba da rance na Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ban ga baƙon abu a ciki ba. Akwati da tsari aka kawo, dubarar a gida aka tarar da ita. Duk 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, in mun yi anko mun taru ana jawabi a kan matan da suka yi tattaki a Yamai a 1991 don a ba su kujeru a shirin taron ƙasa, ina tafa musu da zuciya ɗaya. Sai dai idona matar nan yake gani, zaune a bakin gado, an faɗa mata magana mafi zafi, ta ƙi buɗe tulu.

Baba ya dawo a watan Mayu, cikin dubban da aka koro daga Najeriya a shekarar. Daga shi sai rigar jikinsa da buta. Azumi ya kama a ƙarshen watan, cikin tsananin zafi. Dare ɗaya na ji shi a tsakar gida yana ce wa Iya ko ruwa ya zo bai san inda zai samo iri ba, zai je ya gwada wani Alhaji ko zai ba shi bashi. Iya ta ce, "Malam, ka dai gyara gona." Ba ta ƙara ba, Inna ma ba ta tanka ba, ni kuma an riga an ja mini kunne.

Bayan ƙaramar Sallah da ƴan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas da la'asar. Aka kwana ana ruwa, har gulbi ya kawo. Da asuba Iya ta kira Inna, su biyu suka tone tulun, suka ɗauko shi tare suka ajiye a gaban Baba. Ya zura hannu ya ɗebo, ya duba, ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Sai ya juya mana baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Gaba ɗaya muka tafi gona, har auta a bayan Iya. Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye, kowa da ƴar ƙwarya, a zuba a rufe da diddige. Iya tana bina tana duba hannuna, tana cewa, "Rage, ɗiyata, rage, ba a yi mana yawa ba." Irin ya ƙare saura kunya kamar goma a gefen yamma, Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan waken da ita ma ta ɓoye ba wanda ya sani.

Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin kakar wannan shekara, da yadda aka zo neman aurena ina aji shida, da abin da Iya ta faɗa wa Baba a zaure gaban baƙi.