Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsatsa Ba Ta Sallama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san makon jiya na yi maku alkawarin yau zan ba da labarin tashinmu daga Rafindadi zuwa Kwado da rigimar katangar nan. Ku yi mani haƙuri, ba yau ba. Shekaranjiya da asuba na fito alwala na iske babban almakashina a bakin famfo, ya kwana cikin raɓa. Auta ce ta yanke ledar omo da shi ta yar nan. Ban san sadda bakina ya ce "tsatsa ba ta sallama" ba. Murya tawa ce, magana ta Gwaggo ce. Tun lokacin na kasa tunanin katanga.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san Gwaggo, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Wannan magana kuwa ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ta yi ta ba. In ta ga wuƙa a cikin ruwan wanke-wanke, ita ce. In ta ga an bar fartanya a waje da damina, ita ce. Takan ce, "Baƙon da ya yi sallama kina iya aikawa a ce ba ki nan. Tsatsa kuwa sai dai ki buɗe ki iske ta zaune ta miƙe ƙafa." Muna yara dariya muke yi a bayan idonta, har muna kwaikwayon muryarta.

Ita ta saya mani keken ɗinki a 2008, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya rasu aka naɗa Sarki Abdulmumini, shekarar aurena. Butterfly ne, baƙi mai zanen ruwan zinari, na ƙafa. Tumakinta biyu ta sayar. Dangin ubana suka yi ta ƙorafi wai gara a ƙara kwalla da samira a cika kabat, kar a je jere a ji kunya. Gwaggo ta ce kwalla ta kallo ce, ba ta taɓa ganin wadda ta ci kwalla ta ƙoshi ba. Ita ba ta iya taka keke ba, kaɗi ta iya, mazari da auduga, amma sai da ta sa telan unguwa ya nuna mata duk ƙofofin da ake ɗiga mai, ta haddace su, ta riƙa bincikata duk safiyar Juma'a kamar mai karɓar hadda.

A gidanmu na Rafindadi akwai bedi a tsakar gida, nan muke haɗuwa bayan la'asar. Mu huɗu ne. Ni, da Maman 'Yan Biyu, da Ta Daura mai waina wadda katanga ɗaya ta raba mu, sai facalata, matar yayan Baban yara, wadda nake kira Yaya don ta riga ni shigowa gidan da shekara tara. Maza suna cewa gulma muke yi. Da za su tsaya su saurara da sun yi barci. Hirar ba ta wuce ɗan ga-ruwa ya ƙara kuɗin jarka, ko famfo ya kawo ruwan Ajiwa da tsakar dare wa ta ji wa ba ta ji ba, ko gawayin bana ba ya riƙe wuta, ko kaushi da faso sun hana wata taka ƙasa, a ce mata ta nemi man kaɗe. Kowa da aikinta a hannu. Wannan tana tsintar shinkafa a faifai, waccan tana zagar zogale, wata ana yi mata tsifa. In muka cika kukan ruwa sai Ta Daura ta ce, "Ku Katsinawa raki gare ku. Mu da sai Juma'a-Juma'a macijin Kusugu ya bar mu muka ɗebi ruwa, mun mutu?" Mu ce ai da ke aka yi. Ta ce mu dai mu riƙa gaishe ta da ladabi, tunda Kumayau ɗan Bawo daga gidansu ya fito ya zo ya yi mana sarauta.

A nan na koyi yawancin abin da na sani. Ba a wanke tanda da sabulu, sai dai a goge ta da tsumma a shafe ta da mai tun tana da ɗumi. Sabuwar tsintsiya a ƙara ɗaure gindinta kafin ta taɓa ƙasa. Muciya in an gama tuƙi a kankare ta nan take, kar a jiƙa ta ta kwana. Turmi kuma a kife shi a inuwa.

To turmin nan. Na kirya ne, Gwaggo ta gaje shi wurin uwarta, nauyinshi sai mutum biyu. Yaya ta are shi da bikin babbar ɗiyarta, cikin tsakiyar hunturu. Kwana uku yana tsaye a rana da ruwan surfe a ciki, iska na kaɗa shi. Ya tsage tun daga baki har kusa da gindi. Almajiri ta ba ya mirgino mani shi ya jingine a ƙofar ɗaki. Ko "sannu" ba ta aiko da ita ba, kuma ɗakinta da nawa taku goma ne. An kai shi maƙera an ɗaure da ƙarfe, amma har yau in na zuba gero sai na ga yana tsiyaya ta gefe. Na ce na yafe, kuma na yafe ɗin. Mantawa ce ta ƙi.

Af, na yi gaba na bar baya. Gwaggo ba ta ga tsagewar turmin ba da idonta, lokacin ta daina fita. Ta rasu a ƙarshen 2020, shekarar korona, aka kai ta Ɗan Marna, maƙabartar da aka kai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Na yi kuka irin wanda ake yi, aka yi zaman makoki aka watse, na koma kan kekena. Na zaci shi ke nan.

Sai ga gobarar Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021, ana saura kamar sati uku a ɗauki azumi. Shagon Baban yara na cikin waɗanda suka tafi. Shi ya ce innalillahi, ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai, ya fita neman wanda zai ba shi kaya bashi. Ni da ko allurata ba ta ƙone ba, ni ce na faɗi.

Ban san yadda zan kwatanta maku ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. In na sallame asuba sai in zauna kan darduma har rana ta shigo ɗaki, ba lazimi nake ba, ba tunanin wani abu nake ba. Tsintsiya ta koma mani kamar taɓarya don nauyi. Wanke-wanken dare ya kai azahar ƙudaje na bi, ina kallo ta labule. Abinci a baki kamar ƙasa. Atamfofi da shaddodin mutane na ɗinkin Sallah suka taru a kan gado, na riƙa ba yara suna mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya, wasu tun daga ranar ba su sake kawo mani ɗinki ba. Na ɗauki tsohon zane na lulluɓe keken. Azumi ya wuce, Sallah ƙarama ta wuce, ruwa ya sauka, Babbar Sallah ta wuce. Ban iya tuna ko mi na dafa a cikinsu.

Ina fitowa gindin bedi wani lokaci, don kar a ce. Maman 'Yan Biyu, Allah ya saka mata, ta ce iska ce, ta yi ta kawo rubutu da habbatus sauda, ina sha. Yaya kuwa, rannan tana ɓarar gyaɗa, gaban surukarmu, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Ƙoshi ne, Inna. Wanda ke neman na tuwo ina ya ga lokacin ƙunci? Haihuwa bakwai na yi a gidan nan, ban taɓa kwana da wanke-wanke ba. Rashin godiyar Allah dai ba shi da kyau."

Ban ce komai ba. Amsar sai bayan shekara guda ta zo mani, a Islamiyya, da malama ta kai mu shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, ta ce sunanta shekarar baƙin ciki. Na ji kamar in tashi daga aji in je in ƙwanƙwasa ƙofar Yaya in ce to shi fa, Fiyayyen Halitta, rashin godiya ne? Ban je ba. Ga shi yau na faɗa, in ɗiyanta suna karantawa su kai mata.

Wata safiya a watan Agusta, an kwana ana ruwa, Ta Daura ta ɗaga labulena. Ba ta tambaye ni ya jiki ba, don ta gaji da jin "da sauƙi". Cewa ta yi, "Bakatsiniya, zanena ya ɓarke, ina keken?" Kafin in yi magana ta yaye lulluɓin.

Wallahi sai da na kau da kai. Farantin da allura ke shiga ya yi ja-ja. Sandar allura ta yi ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Bel ɗin fata ya yi fumfuna ya saki, kwarkwaro ya kafe a gidanshi da ragowar koren zaren wata riga da ban ƙarasa ba tun Maris. Ta taka, ƙafar ta ƙi motsi. Muryar Gwaggo ce kawai ta cika mani kunne. Tsatsa ta shigo ta zauna ta miƙe ƙafa, kuma ina cikin ɗakin, kan gado, taku biyu tsakaninmu.

Ta Daura ta aiki yaro ya sayo kananzir. Ta samo tsohon burushin haƙori da gashin kaza, ta zauna dirshan a ƙasa tana ta tsokalo tarkacen zare daga ƙarƙashin haƙoran keken, tana ba ni labarin yadda kuɗin shinkafar tuwo ya hana ta riba, kamar ba komai. Ina kwance ina jin ta. Can sai na ga ta ciro 'yar kwalba daga cikin hijabinta ta buɗe. Warin man gyaɗa ya bugo ni.

"Ke! Kar ki sa mani man gyaɗa a keke!"

Ni kaina na tsorata da muryar. Wata biyar ban ɗaga ta haka ba. Ta ce, "To mai ai mai ne, da shi nake tanda." Na ce tanda daban keke daban, wannan daskarewa yake ya kama ƙura ya zama danƙo, sai an kwance keken gaba ɗaya. Na sauko na ture ta, na laluba bayan kabat na ɗauko man keke na gaskiya, fari mai ɗan tsinin baki. Kananzir tukuna, a bar shi ya ci tsatsar, a goge. Sannan ɗigo ɗaya a kowace ƙofa, yadda Gwaggo ta haddace. Na cire bel na datse ɗan yatsa guda na sake ƙulle shi da wayarshi. Na juya da hannu, ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya ƙi, na ƙara ɗigo, ya tafi. Na sa tsumma ina bi ba zare har baƙin mai ya daina fita. Sai da azahar ta yi na lura ina gumi kuma ina jin yunwa.

Har gobe in na tambaye ta ko da gangan ta kawo man gyaɗan, sai ta ce ita jahila ce, mi ta sani game da keke. Matar da ta shekara goma sha uku tana kallona ina zuba mai.

Da nake ɗinke mata zanen, wanda na ga alama da hannu aka ɓarka shi, ta ce, idonta na kan ƙasa, bayan haihuwarta ta uku ta yi kusan wata shida tana shiga bayi ta yi kuka ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da suya, ba wanda ya sani, har maigidanta. Sati na zagayowa ta ce in raka ta asibiti a auna mata jini. Muna zuwa ta tura ni gaban likita. Ya tambaye ni barci, ya tambaye ni cin abinci, ya tambaye ni ko ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinshi. Ya ce sunan abin ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ya ba ni ƙwayoyi da ranar dawowa. Ban bar rubutun Maman 'Yan Biyu ba, ban bar ƙwayoyin ba. Kada wata ta zaci ranar na warke. Akwai satin da na sake lulluɓe keken. Sai wajen azumi na gaba na karɓi ɗinkin mutane da yawa.

A farkon 2023 da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, mutane na kwana layin banki da wurin masu POS, keken nan da aka so a musanya da kwalla shi ya riƙe gidanmu. Wata ta biya da taransifa, wata ta kawo kwanon masara, wata manja. Cikin masu kawo ɗinki har da Yaya, kala uku na ɗiyarta, wai in yi za ta aiko. Na ɗinka, na yi masu aiki mai kyau har da goga. Ba ta aiko ba.

Almakashin dai na goge shi da toka da kananzir, jan ya fita, amma bakin ya dakushe, yana tauna yadi. Mai wasa yakan biyo ta layinmu ranar Laraba, na ce Auta ta tsaya a ƙofa ta tare shi, kuma cikin kuɗin tararta za a biya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, katanga. Ita ma da hannun Yaya a ciki.