Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙirgen Saiwa

Makon jiya mun tsaya a inda Alhaji ya ɗauke ni aiki a gonarsa ta kifi da ke hanyar Wudil. A shekarar abincin kifi na buhu ya yi tashin gwauron zabi, duk ribar can take ƙarewa. Sai wani ya gaya wa Alhaji cewa karfasa na cin ƙananan kainuwar nan da ke shimfiɗe a kan kududdufi, kuma in ruwan na da taki, sinadarin gina jiki a busasshiyarta yakan haura kashi 30 cikin ɗari. Shi ke nan aka miƙo mini bokiti da rariya, aka ce in je in samo iri.

Abin da na kwaso duk kore ne, amma da aka zuba, wani ya rufe ruwa cikin 'yan kwanaki, wani kifi ya cinye nan take, wani kuma sai tura shi gefe suke yi. Na kai ƙorafi wurin wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga ɗakin gwajin tsirrai na wata jami'a. Ya sa aka kawo kofin gilashi, ya zuba ruwa, ya ɗora 'yan ƙwayoyi a kai.

"Ɗana, kai saman kake kallo. Durƙusa ka duba ta gefe, ka ƙirga mini saiwa."

Na ce, "Baba, wannan ɗaya ce tak."

"Lemna ke nan. Wancan fa?"

Wancan ganyensa ya fi faɗi, ya kusa santimita ɗaya, bayansa ja-ja, saiwoyi kuwa tuli guda, sun wuce bakwai. Ya ce sunansa Spirodela. Akwai na tsakaninsu mai saiwa biyu zuwa bakwai, wanda sai a 1999 aka ware shi aka sa masa Landoltia, don girmama Elias Landolt, masanin Siwizalan da ya ƙarar da rayuwarsa kan waɗannan 'yan tsirrai. Na uku a kofin ba shi da saiwa sam, kamar an watsa tsakin gero a ruwa. Shi ne Wolffia, mafi ƙanƙanta a duk tsirrai masu fure a duniya, kuma shi 'ya'yan kifi suka fi wawaso domin ya dace da bakinsu. Baba ya ce a Tailan mutane ma cinsa suke yi. Ban ce komai ba, amma a raina na ce Allah ya raba mu.

Inda ya fi ɗaukar zafi shi ne kan Lemna. Ya ce ɗalibai sukan ɗebo daga kududdufi su rubuta Lemna minor kai tsaye, don shi suka gani a littattafan Turai, alhali wanda ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu Lemna aequinoctialis ne. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya nuna mini. Namu saiwarsa gajeriya ce, ba ta cika wuce santimita uku ba, bakinta da tsini, kuma a gindinta, inda ta fito daga ganye, akwai ɗan kube mai fiffike biyu. Na Turai bakin saiwarsa a dakushe yake, ba shi da fiffiken. Ni a ganina wannan ba ƙaƙale ba ne. Mai kiwo da ya karanta yadda wani iri ke jure sanyin Jamus, ya zo yana lissafi da shi a zafin watan Afrilu na Kano, kuɗinsa ne a ruwa.

Wanda ke yin ja idan rana ta doke shi, mai ganye kamar an jera ɓawo-ɓawo, wannan Baba ya fitar da shi daga dangin gaba ɗaya. Azolla ne, ba ya fure. Su kuwa sauran, da babbar kainuwa da gwaza duk gida ɗaya suka fito.

Washegari na ware kwami uku, kowane iri da nasa, na hana yara haɗa rariya. Alhaji ya zo ya tarar da ni a durƙushe da kofi a hannu, ya tambayi direbansa ko lafiyata ƙalau. Abin da ya faru da kwamin Wolffia ranar da aka yi ruwan farko, da yadda ya kusa raba ni da aikin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.