Tsohon fim mai araha a sabon faifai

Asabar

Yau ban fita ko'ina ba, saboda faifan da na daɗe ina jira ya iso hannuna jiya da dare, wato sabon bugun Night of the Living Dead, fim ɗin da George Romero ya yi a 1968 a kusa da birnin Pittsburgh na Amurka da kuɗi kimanin dala 114,000. Da hantsi na zaro tsohon DVD ɗinsa daga cikin tarkacena, ina sa wannan na ɗan lokaci sannan in cire in sa wancan, domin in gane wa idona abin da ake yawan musu a kai: shin fim ɗin da aka yi da kuɗi kaɗan yana amfana idan aka fito da shi da hoto garau, ko kuwa asirinsa kawai ake tonawa?

Tsohon faifan nawa yana da tarihin da ya sa ya zama yadda yake. Lokacin da kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya canza masa suna kafin a fara nuna shi, sai aka manta ba a mayar da alamar haƙƙin mallaka a jikinsa ba, kuma bisa dokar Amurka ta wancan zamani wannan sakaci ya isa ya mayar da fim kayan kowa. Daga nan duk wanda ya samu kwafi sai ya buga ya sayar, wani ya kwafa daga kwafin wani, har aka kai ga irin wanda ke hannuna, inda dare ya zama baƙin dunƙule, fuskoki kuma suka yi fari fat babu hanci babu kumatu. Shekara da shekaru mutane da yawa sun ɗauka cewa haka fim ɗin yake, suna ɗora wa talaucin masu shirya shi laifin da na 'yan kwafi ne.

Sabon bugun ya fito ne daga gyaran da gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya yi tare da The Film Foundation a 2016, daga asalin nagetif ɗin, wato zaren fim na farko da aka ɗauka da kyamara, Romero kuma yana raye ya sa ido a kan aikin, sannan kamfanin Criterion ya fitar da shi a Blu-ray, faifan da ya fi DVD kaifin hoto, a 2018. Na fi daɗewa a kan wurin da jarumin fim ɗin, Duane Jones, yake kakkafa katakai a tagogin gidan gona. A tsohon faifan, mutum ne kawai yake motsi cikin duhu ana jin ƙarar guduma. A sabon kuwa ina ganin kan ƙusa, da tsagar da ke jikin katakon, da gumin da ya tsattsafo a goshinsa, da inuwar da fitila ta jefa a bango a karkace. Wannan inuwar ba tsautsayi ba ce, wani ne ya tsaya ya saita fitila har ya same ta, kuma aikin nasa ya yi shekaru a binne. Dalilin a fili yake: an ɗauki fim ɗin a zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda ke riƙe da bayanin hoto fiye da abin da DVD zai iya ɗauka, tunda shi ɗigo 720 ne a kwance da 480 ko 576 a tsaye, alhali Blu-ray yana da 1920 da 1080.

Da yamma ƙanena ya shigo ya tarar da ni a kan aikin, ya zauna ya kalli wurin da gawarwakin da suka tashi suka kewaye gidan, sai ya fashe da dariya. Ya ce, “Yaya, ai sun cuci fim ɗin nan. A da tsoro yake ba ni, yanzu kuwa ga kwalliyar fuskarsu nan ina ganin inda ta tsaya.” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin mai ƙaramin jari yakan jingina da duhu da dusashewar hoto ya ɓoye abin da kuɗinsa bai kai ba, kuma jinin da ke cikin wannan fim ɗin ma ruwan cakulan ne, wanda rashin launi ya rufa wa asiri, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Sai dai na tuna masa cewa waɗanda suka kalle shi a silima a 1968 a kan babban majigi suka gan shi, daga kwafi sabo, saboda haka abin da suka gani ya fi kusa da wannan sabon faifai fiye da kaset ɗin da muka taso da shi. Tsoron da yake kewa na kaset ne da na ƙuruciya. Bai yarda ba, ya ce shi dai a bar masa duhunsa.

Bayan ya tafi na ci gaba da tunanin finafinan da aka ɗauka a zare mai milimita 16 don rage kashe kuɗi, irin su The Texas Chain Saw Massacre na 1974 da The Evil Dead na 1981. Filin hoton wannan zare bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mai milimita 35 ba, don haka ƙwayoyin sinadarin da ke kama haske sukan fito ɓaro-ɓaro idan an faɗaɗa hoton, su riƙa rawa a fuskar talabijin kamar an watsa yashi. Wasu masu saye suna ganin wannan sai su ce faifan bai yi kyau ba, wasu kamfanoni kuma, don gudun ƙorafi, sai su sa kwamfuta ta goge ƙwayoyin. A nan ne ɓarna take, domin waɗannan ƙwayoyi su ne hoton kansa, kuma idan aka share su sai a tafi da ramukan fata da saƙar tufafi, fuska ta koma sumul babu rai. Bugun fim ɗin Predator da aka fitar a Blu-ray a 2010 ya yi ƙaurin suna a kan haka, duk da cewa shi ba fim ne mai araha ba. A ganina irin waɗannan finafinai suna samun riba babba daga DVD zuwa Blu-ray, amma daga Blu-ray zuwa 4K, wanda ya fi shi yawan ɗigo, abin da ke ƙaruwa ya fi yawa a wajen launi da bambancin haske da duhu, ba a wajen kaifin hoto ba.

Inda ba ni da hujjar goyon bayan sabon bugu shi ne finafinan da tun asali aka ɗauka da kyamarar bidiyo. Danny Boyle ya ɗauki mafi yawan 28 Days Later na 2002 da Canon XL1, wadda ke naɗa a ƙaramin kaset na MiniDV, kuma abin da kyamarar ba ta kama ba babu injin da zai dawo da shi. Ana iya faɗaɗa hoton, sauti kuma ya ƙara tsabta, amma duk wanda ya sayi faifan yana sa ran ganin sabon abu zai fi ganin bambanci ne a ƙarshen fim ɗin, wanda shi aka ɗauka a milimita 35.

Da dare na karanta ɗan littafin da ke cikin kwalin, sai hankalina ya koma kan wani amfani da ba ya bayyana a talabijin. Zaren fim na asitet, wani nau'in roba, yana lalacewa idan ya zauna cikin zafi da laima, ya fara warin binigar, ya ƙanƙance ya lanƙwashe har ya gagari injin. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan ajiya masu sanyi, amma nagetif ɗin ƙaramin fim sau da yawa yana yashe ne a ɗakin ajiyar wani wurin wanke fim da ya rufe, ko a garejin magada. Kuɗin da masu sayen faifai ke biya shi ne yake sa ƙananan kamfanoni irin su Arrow da Severin da Vinegar Syndrome, wanda ya ɗauki sunansa daga wannan cuta mai warin binigar, su je su nemo gwangwanayen su kwafe su zuwa kwamfuta tun kafin su ruɓe. Shi ya sa kafin in sayi faifai nake juya bayan kwalin in duba ko an rubuta cewa daga asalin nagetif aka ɗauko hoton, domin akwai masu ɗaukar tsohon kwafin da aka shirya don DVD su faɗaɗa shi kawai, su manna masa tambarin HD.