Daren ɗinkin anko

Laraba

Sai wajen sha ɗaya na dare aka kawo wuta jiya. Nan take unguwa ta farka, masu guga na yi, masu cajin waya na yi, maƙwabcinmu ya tada injin ruwa. Ni kuwa ga ɗinkin anko ya sha mini kai, sai na ja keke ƙarƙashin farin ƙwan nan na LED. Gyangyaɗi fa nake a kan tabarma kafin a kawo ta, amma ina zama cikin hasken idona ya washe tas. Har biyu ta gota ina ɗinki. Da na kwanta barci ya ce bai san zance ba.

Da ƙyar na tashi asuba. Yini guda kaina a ɗaure, abu kaɗan sai raina ya ɓaci. Wata ta zo karɓar rigarta ta ce hannun ya matse ta, gyaran da bai taka kara ya karya ba, amma saura ƙiris in yi kuka.

Da la'asar ƙanwata mai aikin jinya ta biyo. Tana kallona ta ce, "Yaya, wannan ai fuskar masu aikin dare ce." Ta ce a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi masu auna haske, su ke sanar da agogon jiki da ke ƙwaƙwalwa ko dare ne ko rana. In duhu ya yi sai a saki sinadarin melatonin, jiki ya fara shirin barci. Farin haske mai sirkin shuɗi, irin na LED da fuskar waya, shi ya fi danne shi. Ashe kuzarin da na ji jiya bashi na ci, yau nake biya.

Har ta kawo wani bincike na Boston a Amurka, 2014. Waɗanda aka sa karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya, melatonin ɗinsu ya makara da kusan awa ɗaya da rabi a kan lokacin da suka karanta littafin takarda, da safe kuma suka tashi a kasale.

Shawararta in riƙa fita hantsi, in daina kwanciya da waya, in canza ƙwai zuwa mai rawaya. Na ɗakin kwana zan canza. Wajen keke kam fari zai zauna, don da rawaya ba na bambance baƙin zare da shuɗi mai duhu.